Harshe na ta gudu, zuciya tana kasuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Masu zikiri a cikinmu suna da yawa, alhamdu lillahi, amma kaɗan ne ke ɗanɗana hutun da ke cikinsa. Za ka ga bawan Allah da carbi a hannu yana ja kamar an biyo shi, ido na kan waya, kunne na wajen hira. Ya cika dubu, ya tashi da ƙuncin da ya zauna da shi. Alhali Allah ya ce a Suratur Ra'adi, aya ta 28: "Ku saurara, da ambaton Allah ne zukata ke natsuwa." Alƙawarin Allah ba ya tashi. Sai dai zuciyar da aka yi wa alƙawarin, dole ta halarci wurin.

Lokacin da rashin barci ya matsa mini, wani likita ya koya mini zama shiru: in ja numfashi a hankali ta hanci, in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, na tsawon minti goma. Ya yi mini amfani. Bugun zuciya yakan lafa, kafaɗu su saki. Ba tatsuniya ba ce kuwa, domin a farkon shekarun 1970 Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard a Amurka ya auna masu zama shiru suna maimaita kalma guda, ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu suna sauka. Jikina ya huta, amma tunanin bashi da na yara yana nan daram, don numfashi ba ya karɓar kukan kowa.

Abin da ya sauke mini wannan nauyin shi ne tasbihin da aka koya wa Nana Faɗima, Allah ya ƙara mata yarda. Dutsen niƙa ya yi mata kanta a hannu, ta je neman mai taya ta aiki wurin mahaifinta, sallallahu alaihi wa sallam. Da dare ya same su ita da Sayyidina Aliyu sun riga sun kwanta, ya zauna a tsakaninsu, ya ce bari ya nuna musu abin da ya fi musu hadimi: idan za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdu lillah 33, Allahu Akbar 34. Ku duba fa, gajiyar jiki ta kawo ƙara, uban da ya fi kowa tausayinta ya ba ta zikiri. Sayyidina Aliyu ya ce bai taɓa barinsa ba, ko a daren yaƙin Siffin. Na koma yinsa kalma ɗaya, numfashi ɗaya, ina sauraron abin da bakina ke faɗa. Kafin in kai kabbara, yawanci ƙirjina ya yi sauƙi.

Haka zaman bayan Asuba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan zauna a inda ya yi salla har rana ta fito. Mu kuwa ana sallama sai rububin takalma. Zauna ko kaɗan ne, ɗan'uwa, ka karanta ƙarshen Ali Imrana daga aya ta 190, ka yi tafakkuri a kan sassaɓawar dare da yini tun hayaniyar gari ba ta tashi ba. Ranar da na yi wannan zaman, ina ganin bambanci a yadda nake amsa wa iyali magana.

Salla ma ai sai da natsuwa. Mutumin nan da ya yi ta cikin gaggawa, sau uku Annabi yana ce masa: "Koma ka yi salla, domin ba ka yi salla ba."

A kula da abin da ake yaɗawa a intanet. Wasu hanyoyin zaman shiru sun fito ne daga addinan Hindu da Buddha, suna tafe da kalmomin bautarsu. Ɗauki tsarin numfashin, wannan sha'anin jiki ne, amma kada bakin da ke faɗar kalmar shahada ya riƙa maimaita abin da bai san ma'anarsa ba.

Ina kuma roƙonku, don Allah, kada wanda ya ajiye maganin hawan jini ko na ciwon damuwa da sunan ya kama zikiri. Annabin da ya koya mana tasbihi shi ne ya ce: "Ku nemi magani, ya bayin Allah." 'Yar'uwar da ta yi makonni ba ta barci, ba ta cin abinci, tana kuka ba ta san dalili ba, a daina ce mata imaninta ne ya yi rauni. A kai ta asibiti ta ga likita, a zauna kusa da ita, a riƙa yi mata tasbihin a kunne idan ta kasa yi da kanta.