"Ban sani ba" daban, "ban yarda ba" daban

Daren jiya a teburin mai shayi a Bauchi Road, sanyin Jos ya sa kowa ya rungume kofinsa, sai gardama ta kaure. Wani ɗalibin jami'a ne ya kawo labarin abokin karatunsa da aka tambaya ko akwai Allah, ya ce shi dai bai sani ba. Kafin ya rufe baki wani dattijo ya ajiye burodinsa ya ce, "Shi ke nan, mulhidi ne." Na ce, "Baba, a gafarce ni, ba ɗaya ba ne." Ya yi mini wani kallo kamar ni ne yaron.

Ni Musulmi ne, kada wani ya yi mini fassara. Amma tambayoyi biyu muke cakuɗawa. Ta farko: ka yarda akwai Shi? Wanda ya ce a'a, shi ne mulhidi. Ta biyu: ka sani, ko ma ana iya sani? Wanda ya ce bai sani ba, ko ya ce hankalin ɗan Adam ba zai kai can ba, shi Turawa ke kira agnostik. Thomas Huxley, masanin halittu ɗan Ingila, ya ƙirƙiro kalmar a 1869 daga Girkanci, ma'anarta rashin sani. Larabawa suna cewa la'adriyya, daga "la adri", wato "ban sani ba". Mu kuwa duk mun zuba su a buhu guda, har da Bamaguje, wanda bai taɓa musun akwai Ubangiji ba.

Mutum ɗaya ma yana iya amsa sunayen biyu. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya ce a gaban masana falsafa shi agnostik ne, domin ba shi da hujjar da za ta tabbatar babu Allah, amma a gaban mutumin kan titi gara ya kira kansa mulhidi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, rarrabe sani da yarda ba baƙonmu ba ne. Duk shekara muna ɗaukar azumi da sanarwar Sarkin Musulmi. Mu nawa ne a Jos muka ga jinjirin watan da idonmu? Wasu suka gani, aka tantance su, muka gaskata, muka tashi sahur. Ranar haihuwarka ma ji ka yi. Wannan ba aibi ba ne, yawancin abin da ke kanmu ta haka ya shigo. A zaure kuma an karantar da mu yaƙini, zato, shakka da wahami, kowanne da hukuncinsa. Ka yi kokwanto raka'a uku ka yi ko huɗu, sai a ce ka yi gini a kan uku, ita ce ka tabbatar. Alkur'ani kansa ya ambaci ilmul yaƙini, ainul yaƙini da haƙƙul yaƙini. Malamai kan misalta su da hango hayaƙi, ganin wutar, da jin zafinta a jika.

Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a nuna masa yadda ake raya matattu. Aka ce, ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Ga imani cikakke, ga kuma neman gani. Imam Ghazali ma da kansa ya ba da labarin kusan wata biyu da ya yi cikin shakkar duk abin da ido da hankali suka ba shi, kafin Allah ya yaye masa.

Shi ya sa nake ganin garaje ne a ji yaro ya ce "ban sani ba" a maƙala masa mulhidi. Wanda ya rufe ƙofa da wanda ke tsaye a bakinta ba magana ɗaya ake yi musu ba. Kuma a garin nan kowa ya san nauyin laƙabin addini idan ya hau kan mutum. Ka kira shi da sunan sau uku, ya daina tambayarka, ya koma tambayar intanet.

Baba bai sauka daga ra'ayinsa ba. Da zai tafi dai ya juyo ya ce wa ɗalibin, "Kawo mini shi gida bayan la'asar, in ji daga bakinsa."