Yadda waakye ta sa ƙarfena ya yi tsatsa

Aikin da aka ba ni a ɗakin gwaje-gwajenmu nan Kumasi bai taka kara ya karya ba: in nuna cewa enzayim ɗin ferokilates da muka tace daga ƙwayar bakteriya Bacillus subtilis yana aiki. Wannan enzayim maƙeri ne. Yana danne forfirin, wani sinadari mai siffar zobe, a wani lungu na jikinsa, ya lanƙwasa shi kamar sirdin doki har nitrojin huɗun da ke tsakiya su bayyana, a zare furoton biyu, ƙarfe ya zauna a gurbinsu. His183 da Glu264, amino asid biyu a jikin enzayim ɗin, su ne 'yan zugar wannan maƙera. Gane nasara ba wuya: forfirin na ƙyalli ja a ƙarƙashin hasken nanomita 400, da ƙarfe ya shiga sai ƙyallin ya mutu.

Sai dai in ƙarfe za a ba maƙerin nan, nau'in Fe2+ yake karɓa, ban da Fe3+. Na narka gishirin ƙarfena a ruwa mai pH 8 da ƙarfe 9 na safe, na bar kwalbar a buɗe, na fita neman waakye, wato shinkafa da wake. Layi kamar ana rabon Aljanna. Na dawo 11 saura, ruwan da na bari garau ya koma kalar shayin da ba madara. Iska ta mai da shi Fe3+, tsatsa ke nan a kwalba. Na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, na zuba. Awa guda bututun na zare min jan ido.

Na fara tsine wa enzayim, sai dattijon da ke kula da kayan ɗakin ya leƙo.

"Yaro, yaushe ka haɗa ƙarfen nan?"

"Ɗazu-ɗazu, Baba."

Ya dubi man shito, yajin waakye, a rigata, bai ƙara tambaya ba. Ya ce a haɗa shi dab da zubawa, cikin ruwan da aka kore wa iska da nitrojin, a sa ɗan askobet, wato bitamin C, ya tsare shi daga tsatsa. Ban da fosfet, don yana kwantar da ƙarfe, ban da sinadarin EDTA, don yana sace shi. Forfirin kuma kofuroforfirin III, ba furotoforfirin IX na tsofaffin littattafai ba, domin tun 2015 aka gano shi ne enzayim ɗin wannan ƙwayar ke sa wa ƙarfe.

Washegari, tun kafin in zuba ƙarfe, ja ya fara komawa ruwan lemo. Na daka tsalle har kujera ta faɗi. Ashe zinki ne daga bututun da na yi ƙyuyar jiƙawa a asid. Maƙerin ba ya ƙin zinki, ya cusa shi a zoben, shi kuwa ba ya kashe ƙyalli, launi kawai yake sauyawa.

Da dare a unguwar Aboabo, Hajiya ta tambayi abin da ya hana ni cin tuwo. Na ce kwana biyu ina fama in sa ƙarfe cikin zobe ya ƙi.

Ta ajiye ludayi. "Duk kuɗin makarantar nan ashe ƙira ake koya maka? Gobe kai wa yaran kanikawan Suame Magazine, kafin azahar sun gama."