"Elder than" ba Turanci ba ne

Ɗalibai da dama a nan Sakkwato, musamman masu shirin WAEC da NECO, sun ɗauka "elder" ta fi "older" ladabi, shi ya sa suke cusa ta ko'ina. Sai ka ga an rubuta "Musa is elder than Bello". Mai duba takarda zai ja masa jan biro nan take, domin "elder" ba ta tafiya da "than" ko kaɗan. Wurinta gaban suna ne, kuma galibi tsakanin 'yan gida ɗaya.

Ɗauki Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu. Daidai ne ka rubuta "Shehu was Abdullahi's elder brother". Amma in kwatanta shekarunsu kake yi, "Shehu was older than Abdullahi" za ka ce. Ita "older" ba ta da zaɓe, tana shiga kan mutum, mota, har ginin Masallacin Shehu.

Wani tarkon kuma daga Hausarmu yake fitowa. Muna cewa "ya girme ni da shekara biyu", sai hannu ya zarce ya rubuta "with two years". Abin da ake so shi ne "two years older than me", ko "older by two years".

"Senior" da "junior" kuwa "to" suke ɗauka, kuma sun fi dacewa da muƙami a ofis ko aji. "More older" dai maimaici ne, cire "more" ɗin kawai.