Tocilar nutso: ku daina sayen lambar da ke jikin kwali

Jama'a, musamman 'yan uwa masunta da masu jirage na tafkin Lagdo da na bakin kogin Binuwai a nan Garwa, yau a kan tocilar nutso zan yi magana. Ni ba mai nutso ba ne, sana'ata gyaran batir da kayan sola. Amma tun da samarinmu suka fara yin odar tocilar shiga ruwa, yawancin tocilolin a kan teburina suke ƙarewa, in na buɗe ciki duk tsatsa da ruwan laka. Duk wanda ya kawo tasa kuwa bakinsu ɗaya: ai lumen 100,000 aka rubuta a kwalin. Lumen shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila ke bayarwa. To wannan lambar ce ƙarshen abin da ya kamata mai nutso ya duba, in ma zai duba.

Na san inda sha'awar ta samo asali, bidiyon Bahar Maliya ne. Akwai wani jirgin Ingila mai suna Thistlegorm da jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941 kusa da gaɓar Masar. Yana nan kwance a zurfin wajen mita 30, babura da motocin soja jere a cikinsa har yau. Mai nutso ya shiga da fitila mai faɗin haske, ɗakin kaya ya haskaka baki ɗaya, ga taya, ga sitiyari, jan launi da ruwa ke haɗiyewa tun daga wajen mita 5 ya dawo fes. Gwanin ban sha'awa, ban musa ba. Sai dai ruwan can garau yake, mutum na hango abokinsa daga nesa, kuma yawancin fitilun da ke cikin bidiyon don kyamara aka ƙera su.

Mu fa? Abin da ke nutsewa a wajenmu kwale-kwale ne da aka yi wa lodin buhuna fiye da kima, ko injin jirgi da ya suɓuce, ko babur da ya zame daga jirgin fito, wani lokaci kuma, Allah Ya kiyaye, mutum. Sau da yawa da damina abin ke faruwa, Agusta zuwa Satumba, lokacin da Binuwai da Logon suka yi jawur da laka. A irin wannan ruwan, duk ƙwayar lakar da haske ya taɓa sai ta dawo maka da shi cikin ido. Direban da ya taɓa bin hanyar Marwa zuwa Kuseri cikin hazon hunturu ya san abin da nake nufi: ka kunna babbar fitila, sai farin bango ya tsaya maka a gaba, sai ka rage ta sannan ka ga hanya. Saboda haka tocilar da za ta yi mana aiki ita ce mai siririn haske, wadda ke tattara shi wuri guda, kusurwarsa kamar digiri 10, ba mai watsa shi digiri 100 ba. In tana da matakin rage haske, ya fi. Kuma a riƙe ta a hannu, a ɗan nesanta ta da fuska zuwa gefe. Tocilar goshi da masunta ke fita da ita da dare ta fi kowace muni a ƙarƙashin ruwa, don tana dab da ido, hasken da laka ta mayar kai tsaye yake shigowa, ga shi duk sanda ka juya wajen abokinka ka kashe masa ido.

Yanzu bari mu yi lissafin lumen ɗin, tunda nan ne fagena. Batirin da ke cikin galibin tocilolin nan shi ne 18650, irin wanda muke cirowa daga tsohon batirin kwamfuta. Na ƙwarai a cikinsa, na manyan kamfanoni, wajen 3,500 mAh yake ɗauka (mAh shi ne ma'aunin cajin da batir ke riƙewa), nauyinsa gram 45 ko sama kaɗan. In ka ga an rubuta 9,900 mAh a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau, kai ma ka san zancen. Na ƙwaran, wutar da ke cikinsa ba ta wuce ta riƙe wat 12 na awa ɗaya ba. Ƙwan tocila mai kyau yana ba da lumen 100 da ɗoriya a kan kowane wat. Ke nan lumen 1,000 zai ci kusan wat 10, batirin ya yi awa ɗaya da 'yan mintoci. Lumen 100,000 kuwa sai an ba shi wutar da ta doshi wat 1,000, batir guda ko minti ɗaya ba zai kai ba, in ma bai kama da wuta ba. Wanda ya yi maka ƙarya a kan haske, me zai hana shi yi maka ƙarya a kan zurfi?

Zurfin kuwa shi ne kan magana. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa na ƙara danna kowane santimita murabba'i na jikin tocilar da nauyin kusan kilo 1. In an rubuta IPX7, ma'anarsa mita 1 na minti 30, wato ta faɗa ruwa a ciro ta. IPX8 shi kaɗai cewa yake yi ta wuce mita 1, sai kamfanin ya faɗi iyakarta. Nemi inda aka rubuta mita ƙarara, 50 ko 100. Madatsar Lagdo da aka gama a 1982 tsayinta mita 40 ne, kowa ya san akwai wuraren da gora ba ta taɓa ƙasa.

Abin da ke hana ruwa shiga ba wani abin a zo a gani ba ne, 'yar zoben roba ce baƙa a gindin zaren murfi. Tocila mai kyau biyu take da su, wata ma uku. Kwanaki wani yaro ya kawo mini tasa yana ta zagin kamfani. Na zare zoben da tsinke, na ɗora a kan farar takarda, sai ga ƙwayar yashi guda da wani ɗan gashi kwance a cikin ramin. Ta nan ruwan ya bi. Ya ce, "Yaya, wannan ɗan abin?" Na ce masa shi ɗin dai. A bakin ruwa yake buɗe ta ya sauya batir, hannu duk yashi. A buɗe ta a gida, a goge zoben da tsumma mai tsabta, a shafa masa man silikon kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai. Ban da basilin, ban da baƙin mai, suna lalata wasu robobin. Kafin kuma ka ɗora ranka a kan sabuwar tocila, gwada ta: cire batir, cusa busasshiyar takarda a ciki, rufe, ɗaura mata dutse da igiya, ka saukar da ita zurfin da kake aiki, ka bar ta rabin awa. In takardar ta fito da danshi, ka huta da asarar batir, don batirin litiyam da ruwa ya shiga ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne.

Makunni ma a duba. Na dannawa mai laushi, ruwa na iya danna shi da kansa a ƙasa. Na maganaɗisu ya fi, don babu hudar da ta ratsa jikin tocilar. Irin wanda ake murɗa kan tocilar a kunna ta yana da ƙarko, amma a rikice mutum kan murɗa ta baya ya buɗe wa ruwa ƙofa, shi ya sa ake kunna ta tun a sama.

Na kai wa wani dattijo a Lagdo wannan bayanin duka, mutumin da tun kafin a haife ni ake kiransa in jirgi ya kife. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, ka gama? To ina igiyar?" Na ce, "Baba, tocila muke magana." Ya ce shi da hannu yake gani a ƙasa, abin da ke dawo da shi sama kuwa igiya ce da mutumin kirki riƙe da ɗaya bakin. Gaskiyarsa, kuma Turawan da ke shiga cikin jirage da koguna da tukunyar iska a baya, a nan suka tsaya su ma. Ba sa shiga wurin da ke da rufi a sama sai da zaren da aka ɗauro tun daga waje, don ƙafa ɗaya in ta bugi ƙasa, laka ta tashi, duk tsadar fitila ba ka ganin tafin hannunka. Masu shiga kogo fitila 3 suke ɗauka, babba ɗaya da ƙanana biyu, iskar tukunya kuma su kasa ta uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Mutanen da ke da iska a baya ke nan. Yaronmu da numfashin ƙirjinsa kaɗai yake sauka, minti ɗaya ko biyu. Tsorona shi ne tocilar ta ba shi ƙarfin halin kutsa kai ƙarƙashin jirgin da ya kife ko cikin tamfol, wurin da da can duhu ke hana shi shiga. Ga ƙasan Lagdo cike da itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka tare kogin, tsofaffin taru da ƙugiyoyin mamari sun nannaɗe su. Zaren taru na roba ko da haske da ƙyar ake ganinsa. Don haka wuƙa mai kaifi a wurin da kowane hannu zai kai, tocilar kuma a ɗaure ta a bayan hannu don yatsu su samu sakewa, kada a bar ta tana reto da doguwar igiya tana neman abin da za ta maƙale.

Sauran magana ta kuɗi ce. Tocilar ƙwarai guda biyu da batir na gaske da caja sun fi ƙarfin aljihun yaron da ake sallama da ɗan abin goro in ya ciro injin mutum. Injin nan kuwa kowa ya san kuɗinsa. A ganina masu jiragen kowace tasha, daga Lagdo har Kuseri da Njamena, su ne ya kamata su haɗa sefa su sayi kayan nan, a ajiye wajen Sarkin Ruwa tare da igiya da wuƙa, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin caji da duba zoben roba duk mako. Masu shaguna kuma da ke kawo kayan, ku yarda a yi gwajin takarda kafin a biya ku, wanda ya ƙi yarda a wuce shagon gaba.