Shataletalen gidan gwamnatin Kano

Na karanta labarin shataletalen gaban gidan gwamnatin Kano, wanda aka gina don cikar jihar shekara 50, aka kuma rushe shi a 2023 wai tsawonsa na tare wa direbobi gani. To jama'a, ba a lura da haka ba kafin a zuba siminti? Abin tunawa sai an duba inda za a kafa shi, da ko 'yan gari za su ga kansu a jikinsa. Ku je kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi: ka bi ta lungu mai duhu, ka ɓullo fili cikin haske, ba sai an yi maka bayanin mulkin mallaka da 'yanci ba. Ga ganuwarmu can tana zaizayewa, ba mai waiwayarta.