Kurma Ma Tana da Wanda Take So

Duk wanda ya saba karanta labaran soyayya, na gida ko na waje, ya san gurbin da ake ajiye wa mai naƙasa. Ko dai shi ne mabaracin bakin ƙofa da jaruma ke bai wa sadaka don mu gane tana da tausayi, ko ƙanin jarumi da ake ta jinya, ko kuma azzalumin da shanyewar ɓarin jiki ta kama a babin ƙarshe a matsayin sakayya. Abin da ba a cika ba shi ba shi ne zama wanda gabansa ke faɗuwa idan wata ta shigo aji, ko zama wadda wani ke kwana da tunaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da babbar naƙasa, kusan ɗaya cikin kowane shida. Dukansu sun yi ƙuruciya ko suna cikinta, kuma akasarinsu sun taɓa son wani.

Shi ya sa nake bibiyar abin da ke faruwa a littattafan labari cikin zane da ake yi wa matasa a Amurka da Ingila da Japan. A nan ne aka fara cike wannan giɓi da gaske, kuma ina ganin zanen kansa ne ya ba da dama.

A ɗauki El Deafo na Cece Bell, wanda ya fito a Amurka a 2014 ya kuma samu karramawar Newbery ta littattafan yara a 2015. Labarin ƙuruciyar marubuciyar ne. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana shekara huɗu, ta shiga firamare da wata ƙatuwar na'urar ƙara ji ɗaure a ƙirji, malamarta kuma na rataye da makirfo. Bell ta zana kowa da kowa a siffar zomo mai dogayen kunnuwa, nata kuwa ba sa aiki. Amma babbar hikimar tana cikin ɗan zagayen nan da ake rubuta maganar mutum a ciki. Idan batirin na'urar ya fara rauni, sai rubutun ya riƙa dusashewa. Idan ya mutu, sai ka ga baki na motsi, zagayen maganar kuma fayau, babu ko harafi. Mai karatu mai ji yakan tsinci kansa a halin da yarinyar ke ciki, yana leƙen fuskoki yana neman ma'ana. Marubucin zube zai iya cika shafi guda yana bayanin wannan, ba zai kai ga abin da zagaye ɗaya maras rubutu ya yi ba. A cikin wannan hali ne kuma yarinyar ta kamu da son wani yaro maƙwabcinsu, tana fargabar ko na'urar kawai yake gani idan ya dube ta. Littafin ya ƙare tana nan kurmarta. Babu likitan da ya zo da mu'ujiza, kuma labarin bai ji kunyar hakan ba.

Wannan shi ne ma'aunin farko da nake auna irin waɗannan littattafai da shi: shin an bar mai naƙasa ya samu farin ciki a jikin da yake da shi, ko sai an warkar da shi tukuna? Labarin da ke miƙar da gurgu a shafin ƙarshe kafin a ɗaura masa aure yana gaya wa kowane gurgu mai karatu cewa shi bai isa a so shi ba tukuna.

Ma'auni na biyu ya fi wuya, kuma har fitattun littattafai na tuntuɓe a kansa. Koe no Katachi na Yoshitoki Oima, wanda aka buga a Japan daga 2013 zuwa 2014 aka kuma mayar da shi fim a 2016, labarin Shoko ne, kurma, da Shoya wanda ya addabe ta a firamare yana fizge mata na'urar ji yana lalatawa. Bayan shekaru ya koyi maganar hannu ya dawo neman afuwa. Akwai wurin da ta daure ta furta masa da bakinta cewa tana son sa, shi kuma bai gane furucinta ba, ya zaci zancen farin wata take yi. Wurin na da taɓa zuciya. Sai dai idan ka natsu za ka ga yawancin labarin na yaron ne: nadamarsa, kaɗaicinsa, gyaruwarsa. Ita wadda aka zalunta tana yawan murmushi da ba da haƙuri, kuma sai can cikin labarin ake leƙa abin da ke ranta. A ganina littafi ne mai kyau da ya ɗan zame ya mayar da kurmar makarantar da mai ji ke koyon hali a cikinta. Yubisaki to Renren, wanda aka fara bugawa a 2019, ya fi gyara wannan, domin ta idon Yuki, ɗalibar jami'a kurma, muke ganin komai, ita ce mai so, ita ce mai kishi da shakka, kuma an zana hannuwa da kulawar da ake bai wa fuska.

Akwai ɓangaren da ba zan tsallake ba. Da yawa daga cikin littattafan nan na waje suna haɗa naƙasa da soyayya tsakanin jinsi ɗaya. Hidamari ga Kikoeru na Yuki Fumino labarin samari biyu ne 'yan jami'a, ɗaya jinsa ya yi rauni tun yana sakandare, ɗayan yana kwafa masa darasi a musayar abincin rana. Heartstopper na Alice Oseman, wanda ya fara a intanet a 2016, labarin 'yan makaranta biyu maza ne a Ingila, ɗayansu na fama da larurar ƙin cin abinci da ta kai shi asibiti. A kan wannan ɓangare ne rigima ta fi zafi. A 2023 hukumomin Hungary sun ci tarar wani kamfanin sayar da littattafai forint miliyan 12 saboda ya baje Heartstopper a sashen matasa ba a naɗe ba. A shekarar kuma Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta ƙirga littattafai 4,240 da aka nemi a cire daga makarantu da ɗakunan karatu, kusan rabinsu kan masu soyayyar jinsi ɗaya da makamantansu ne ko kan baƙar fata da sauran tsiraru.

Na san inda mafi yawan masu karanta wannan shafi suka tsaya a kan batun, na kuma san abin da dokar Nijeriya ta 2014 mai hana auren jinsi ɗaya ta tanada. Abin da ke damuna shi ne yadda hayaniyar ke haɗiye ɗayan zancen ɗungurungum. Ana ta musu a kan wa yaron yake so, an manta cewa littafin Fumino na cikin 'yan ƙalilan da suka bayyana halin wanda bai kurumce gaba ɗaya ba kuma ba ya ji sosai, wanda in ya ce a maimaita sai a ce masa bar shi kawai, ba wani abu ba ne. Matashin da ke cikin wannan hali, ko wane ne shi, ɗan Adam ne da ke neman ganin irinsa a takarda ba a matsayin abin dariya ko abin tausayi ba. Wanda kuma bai yarda da yadda na waje suka ba da labarin ba, ƙorafinsa ba zai sa wa kurmar Kano littafi a hannu ba. Rubutawa ce za ta yi.

Kuma mu ne muka fi kusa da labarin Cece Bell fiye da Amurkawan da aka rubuta wa. Sanƙarau ciwonmu ne na kowace bazara. Annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, mafi yawa a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wannan ciwo kan tashi da tabo na dindindin, kurumta na gaba-gaba. Ga kuma waɗanda shan inna ta taɓa kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na asali a 2020. Muna da maganar hannu tamu ta Hausa, muna da makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano, muna da dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Muna kuma da kasuwar littattafan soyayya da ke ci tun shekarun 1980, wadda yanzu ta koma Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, da WhatsApp. Amma sabon salon da ake yayi, na karanta littafi a rediyo da YouTube, bai amfani kurma da komai ba. Labarin zane a waya zai kai gare ta kai tsaye, kamar yadda na murya ke kai wa makaho wanda shi kuma shafin zane ba ya yi masa rana, don haka duka biyun ake buƙata.

Sharaɗi ɗaya nake gani. Abin da ya sa El Deafo ya yi gaskiya shi ne wadda ta rataya na'urar ita ta riƙe alƙalamin. Marubucin da ke son zana kurma tana zance da saurayinta a zaure, ya fara zama da ɗaliban Tudun Maliki su nuna masa yadda ake cewa ina son ka da hannu, yadda ake zolaya, yadda ake fushi, ya biya su ladan aikinsu, ya sa sunansu a bango. In kuma akwai mai iya zane a cikinsu, a ba ta takarda da kuɗin bugu ta yi nata.