Ba girman batir ne matsalar ba, cajar da ke tsakiyar hanya ce

Duk inda aka tayar da zancen motar lantarki, tambayar farko ita ce kilomita nawa take ci kafin batir ya mutu. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Motoci da dama yanzu suna cin kilomita 400 da caji ɗaya. Abin da ke hana mai doguwar tafiya barci shi ne, in batir ya yi ƙasa a tsakiyar hanya, zai tarar da cajar da ke aiki kuwa?

Cajar gida wajen kilowat 7 take bayarwa, ka jona da dare, gari na wayewa ta cika. A babban titi wannan ba za ta fisshe ka ba, sai mai kilowat 150 zuwa 350. Motar Hyundai Ioniq 5, in ta samu mai 350, cikin minti 18 take tashi daga kashi 10 zuwa 80. Daga 80 kuwa sai abin ya koma tafiyar hawainiya, domin motar da kanta ke rage wutar da take ja don kada batir ya lalace. Shi ya sa waɗanda suka saba ba sa jiran 100. Su zare, su wuce, su sake jonawa a gaba. Wanda ya kafe sai ya cika taf alhali ga mutane a layi bayansa, gaskiya bai kyauta ba.

To amma wannan dabara sai in akwai wata cajar a gaban. Nan Tarayyar Turai ta burge ni. Dokar da ta yi a 2023 ta ce a manyan titunanta kada a yi kilomita 60 babu tashar caji mai sauri, kuma direba ya iya biya nan take ba tare da ya yi rajista da kamfani ba. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne. Ka tsaya cikin ruwan sama, batir saura kashi 6, kana fama da sauke manhajar wani kamfani, intanet na yankewa. Haba!

Amurka kuma ta ware dala biliyan 5 a dokar 2021 don dasa cajoji a manyan tituna, a 2023 kuma ta gindaya sharaɗin kowace caja ta kasance tana aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci. Da jin haka sai ka ce madalla. Lissafa ka gani: ragowar kashi 3 ɗin nan kusan kwana 11 ne a shekara. In tashar kai huɗu gare ta, wato wurin jona mota huɗu, da sauƙi. In ɗaya ce tal a tsakiyar daji, ranar da ka zo ta mutu babu ruwanka da wani kashi 97.

Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta gane wannan tun 2012, ta fara gina tashoshin cajinta masu sauri da kanta, waɗanda ake kira Supercharger. A 2023 kamfanonin mota na Ford, sannan GM, suka amince su koma irin bakin cajarta. Ba don ƙauna ba ne, direbobinsu ne ke son inda za su jona ya kama.

Ban ɗora wa kamfanonin caji laifin duka ba. Tasha mai kai 8, kowanne kilowat 350, tana iya jan megawat 2.8, wato kilowat 2,800, lokaci guda. Wannan sai da taransifoma tata da layin wuta mai ƙarfi, kuma jawo shi zuwa wurin da babu gari kuɗi ne masu yawa. Ga shi yawancin shekara wurin fayau, ranar hutu kuma layi har titi. Ɗan kasuwa zai gwammace ya dasa a birni, inda da yawa daga masu motar ma a gida suke caji.

Saboda haka in gwamnati za ta ba da tallafi, ta daina ƙirga cajar da aka dasa ana yanka kintinkiri. Ta biya gwargwadon awannin da caja ta yi tana ba da wuta, ta kuma fifita titin da ɗan kasuwa ke gudu. BYD, mai ƙera motoci ta China, ta nuna caja mai kilowat 1,000 a 2025, an yi ta tafi. Ni dai a ba ni mai 150 guda huɗu kowane kilomita 60, da mai gyara da zai zo ranar da aka kira shi.